Ayoyi 17 da Muke Tsallakewa a Farkon Bisharar Matiyu

Duk shekara idan Disamba ta kama, akwai abin da na riga na haddace a majami'armu. Mai karatu zai miƙe, ya gyara tabarau, ya ce, "Karatunmu daga Matiyu sura 1, za mu fara daga aya ta 18." Ba mai tambayar ina aka kai ayoyi 17 na farko. Kowa ya san abin da ke ciki: jerin kakannin Yesu ne, wane ya haifi wane, wane ya haifi wane, sunayen da ke sarƙe harshe. Shekara guda ce kawai wani matashi ya ɗauko daga aya ta 1, ko don ba a gaya masa al'adar ba. Ya yi ta tuntuɓe a kan Amminadab da Sheyaltiyel, yara na ƙunshe dariya. Bayan an tashi wata tsohuwa ta riƙo hannunsa a bakin ƙofa ta ce, "Jikana, Allah ya yi maka albarka. Ashe mutumin nan ɗan gida ne, an san kakanninsa."

Maganar Kaka ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Ta gane abin da masu boko da yawa a cikinmu suka kasa ganewa, amma a ganina rabin zancen ta kama. E, an san kakanninsa. Sai dai duk wanda ya zauna ya bi sunayen nan ɗaya bayan ɗaya zai tarar da gidan da mu, da irin awonmu, da ƙyar mu ba su 'ya. Kuma Matiyu da gangan ya bar mu mu gani.

Bai kamata a ce Bahaushe ne zai raina jerin sunaye ba. Mu ne masu lissafa sarakunan Kano tun daga Bagauda. Mu ne maroƙi ke tsayawa a kanmu ranar biki yana jero wane jikan wane har sai hannu ya shiga aljihu. In aka zo neman aure, kafin a yi maganar sadaki sai an tura a binciko asalin yaro. Zagin da ya fi "ba ka da kuɗi" ciwo shi ne "ba ka da asali". Yahudawan wancan zamani sun ma fi mu tsanani. Littafin 1 Tarihi ya kwashe surori 9 yana jera sunaye kafin ya shiga labari. A Ezra 2:61-63, bayan dawowa daga bautar Babila, wasu iyalai sun ce su zuriyar firistoci ne, aka duba rubutattun salsala ba a ga sunansu ba, nan take aka cire su daga aikin, aka hana su cin abinci mafi tsarki. Takarda ce ta raba su da abincinsu, kamar yadda takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma ke raba yaro da gurbin karatu a yau.

Ga Almasihu kuwa abin ya wuce haka. Kalmar kanta tana nufin shafaffe, wanda aka zuba wa mai a ka aka keɓe shi don sarauta, yadda Sama'ila ya yi wa Dawuda. A 2 Sama'ila sura 7 annabi Natan ya kawo wa Dawuda alkawari cewa gidansa da gadon sarautarsa za su tabbata har abada. Sai ga shi wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Yesu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya rushe Urushalima, sarautar ta faɗi. Aka yi kusan shekara 600 ba jinin Dawuda a kan karaga: Babila ta yi nata, Farisa ta karɓa, Helenawa suka zo, sannan Romawa, waɗanda suka naɗa Hirudus, mutumin da asalinsa Ba'edome ne. Annabawa kuwa sun bar magana a ƙasa. Ishaya 11 ya ce toho zai fito daga kututturen Yesse, uban Dawuda. Kututture fa ya ce, wato itacen an riga an sare shi. Saboda haka duk wanda aka ce shi ne Almasihu, tambayar farko da za a jefo ita ce irin ta dattawanmu: ɗan gidan wa ne? Matiyu bai ɓata lokaci ba, ayarsa ta farko ita ce amsar: Yesu Almasihu, ɗan Dawuda, ɗan Ibrahim.

Kuma gidan ba tatsuniya ba ne. A 1993 masu tonon tarihi sun samo wani dutse a Tel Dan, arewacin Isra'ila, mai rubutun ƙarni na 9 kafin Yesu, wanda ya ambaci "gidan Dawuda". A kangon Babila an tono allunan yumɓu na rabon abinci masu ɗauke da sunan Yekoniya sarkin Yahuza, wanda aka kwashe a shekara ta 597, ana auna masa mai shi da 'ya'yansa. Wannan Yekoniyan ne a Matiyu 1:11.

Yanzu ga inda wasu 'yan'uwana ke jin ba daɗi. Matiyu ya kasa salsalar kashi 3, kowane kashi tsara 14: daga Ibrahim zuwa Dawuda, daga Dawuda zuwa bautar Babila, daga bauta zuwa Almasihu. Don lissafin ya fita haka, ya tsallake mutane. Ɗauki 1 Tarihi 3:11-12 ka ajiye kusa da Matiyu 1:8, za ka ga tsakanin Yoram da Azariya, wanda ake kira Uzziya, sarakuna 3 sun ɓace: Ahaziya, Yowash da Amaziya. Can gaba ma babu Yehoyakim. Kashi na uku kuma in ka ƙirga da yatsa 13 za ka samu, sai in ka sake lissafa Yekoniya. Me ya kai shi ga 14? Bayanin da ya fi gamsar da ni shi ne, a Ibrananci haruffa su ne lambobi, kuma baƙaƙen sunan Dawuda guda 3 suna ba da 4 da 6 da 4, jimla 14. Duk wanda ya san hisabin almajirai ba zai ga baƙon abu a nan ba. Matiyu kirari yake yi da lissafi: Dawuda, Dawuda, Dawuda. Kuma masu karatunsa na farko suna da littattafan Sarakuna a hannu, sun san wa aka tsallake. Maroƙin da ya kira ka jikan wane, ya bar mutum biyu a tsakani, ba wanda ke cewa ya yi ƙarya.

Luka ma ya kawo tasa a sura 3, ayoyi 23 zuwa 38, kuma ba su zo ɗaya ba. Matiyu ya bi ta Sulemanu, Luka ya bi ta Natan, wani ɗan Dawuda da bai taɓa sarauta ba. Sun haɗu a Sheyaltiyel da Zarubabel, suka sake rabuwa. Matiyu ya ce uban Yusufu Yakubu ne, Luka ya ce Heli. Daga Dawuda zuwa Yesu Luka yana da sama da tsara 40, Matiyu bai kai 30 ba. Ba jiya aka lura da wannan ba. Tun ƙarni na 3 wani malamin Kirista, Yuliyus Afirkanus, ya rubuta wasiƙa a kai, Yusibiyus kuma ya adana ta a tarihin ikilisiya da ya rubuta. Shi ya ce Heli da Yakubu uwarsu ɗaya uba kowa da nasa. Heli ya rasu ba ɗa, Yakubu ya gaji matar bisa shari'ar Musa, ya haifi Yusufu, wanda ya zama ɗan Yakubu ta jini, ɗan Heli ta shari'a. Daga baya wani bayani ya fi yaɗuwa, cewa Luka salsalar Maryamu ya kawo. Shi ne aka fi koya mana a makarantar Lahadi, shi ne kuma ya fi rauni a wurina, domin Luka sunan Yusufu ya rubuta ƙarara. Abin da ke damuna shi ne yadda muke ƙarar da ƙarfinmu wajen ɗinke jeri biyun nan don mu ci gardama a Facebook, alhali ikilisiyar farko ta ga bambancin da idonta, ta ajiye littattafan biyu a jere ba ta goge ko suna ɗaya ba. Mutanen da suke son yin rufa-rufa da sun gyara.

Rashin rufa-rufar nan ne ma zuciyar maganata. Salsalar Yahudawa ta maza ce, amma kafin a kai ga Maryamu, Matiyu ya sako mata 4. Da a ce ado yake nema, ga Saratu, ga Rifkatu, ga Lai'atu, iyayen al'umma. Bai ambaci ko ɗaya ba. Sai ya ɗauko Tamar.

A je a karanta Farawa 38, in dai ba a gaban yara ba. Tamar matar ɗan Yahuza ce. Mijinta Er ya mutu, aka ba ta ƙanensa Onan, shi ma ya mutu. Yahuza ya yi mata alkawarin ƙaramin, Shela, ya tura ta gidan ubanta ta jira, a ransa kuwa ba shi da niyyar cikawa. Da ta ga an yaudare ta, ta lulluɓe fuska ta zauna a bakin hanya, surukin nata ya ɗauka karuwa ce, ya kwana da ita, ya bar mata hatiminsa da igiyarsa da sandarsa jingina. Bayan wata 3 aka ce masa Tamar na da ciki. Buɗar bakinsa sai ya ce a fito da ita a ƙone. Ta aika masa da kayansa ta ce mai waɗannan shi ne mai cikin. Nan Yahuza ya ce ta fi shi gaskiya. Ɗaya daga tagwayen da ta haifa, Feresa, shi ne kakan kakannin Dawuda. A gidan Bahaushe irin wannan labari binne shi ake yi, a hana jikoki ji har abada. Matiyu kuwa a aya ta 3 ya kafa shi.

Sai Rahab, karuwar Yariko, Bakan'aniya, wadda ta ɓoye 'yan leƙen asirin Joshuwa a kan soro. Sai Rut, mutuniyar Mowab, alhali Maimaitawar Shari'a 23:3 ta hana Bamowabe shiga taron jama'ar Ubangiji har tsara ta 10. Ita ce ta haifi Obida, kakan Dawuda. Ta huɗun ma bai kira sunanta ba. Bai ce Bat-sheba ba, cewa ya yi Dawuda ya haifi Sulemanu ta wurin matar Uriya. Ka ji tonon silili. A daidai wurin da ya kira Dawuda sarki, a nan ya tuna mana sojan da sarkin ya ƙwace wa mata, ya kuma sa aka tura shi bakin daga aka janye aka bar shi ya mutu. Uriya Bahitte ba ya cikin masu haihuwa a jerin nan, amma sunansa ya shiga, kamar mai bin bashi da ya zo ya zauna a zauren biki.

Tun zamanin malamin ikilisiya Jerom, a ƙarni na 4, ake wa'azin cewa an sa matan nan ne don su masu zunubi ne, a nuna Almasihu ya zo domin masu zunubi. Ban ƙi rabin maganar ba, amma ina ganin son kai na maza a ciki. Wane zunubi Rut ta yi? A labarin Tamar wa ya amsa laifi da bakinsa? A na matar Uriya, wa annabi Natan ya nuna da yatsa ya ce kai ne mutumin? In zunubi ake nema a salsalar nan, a layin maza yake jibge. Ga Rehobowam da girman kansa ya raba ƙasa biyu. Ga Ahaz da ya miƙa ɗansa hadaya ta wuta. Ga Manassa da ya yi shekara 55 yana mulki, wanda aka ce ya cika Urushalima da jinin marasa laifi. Abin da na ga ya haɗa matan shi ne yawancinsu bare ne ko matan bare, ba su da gata, kuma ta hanyar da mutane za su yi tsegumi a kai zuriyar ta ratsa ta jikinsu. Matiyu yana share fage ne don mace ta biyar, budurwar da aka samu da ciki kafin ta tare, har mijinta ya yi shawarar rabuwa da ita a asirce. Yana kuma share fagen ƙarshen littafinsa, inda aka ce a je a almajirtar da dukan al'ummai. An yi wa Ibrahim alkawari a Farawa 12:3 cewa ta wurinsa dukan kabilan duniya za su sami albarka. Ashe kabilan sun riga sun shigo cikin jinin gidan tun kafin a haifi mai cika alkawarin.

Yekoniya ma akwai ƙulli a kansa. Irmiya 22 ya ce ko da shi zoben hatimi ne a hannun daman Ubangiji, za a cire shi a yar, kuma ba wani daga zuriyarsa da zai zauna a gadon Dawuda. Duk da haka ta kansa Matiyu ya bi. Wanda ya karanta Haggai 2:23 zai ga an ce wa jikansa Zarubabel za a mai da shi kamar zoben hatimi. Zoben da aka cire an sake sawa. Zarubabel dai gwamna ya yi a ƙarƙashin Farisa, bai zama sarki ba, kuma sunayen da suka biyo bayansa, su Abihud da Azuro da Akim, ba wanda ya san abin da suka yi a duniya. Talakawa ne suka riƙe alkawarin na ɗaruruwan shekaru, har ya faɗo hannun wani kafinta.

Sannan a aya ta 16 sai salon ya karye. Tun daga farko ana ta cewa wane ya haifi wane, amma da aka zo kan Yusufu ba a ce ya haifi Yesu ba. Aka ce Yusufu mijin Maryamu, wadda ta haifi Yesu. Luka ma ya ce Yesu ɗan Yusufu ne a zaton mutane. Wato duk wannan doguwar igiya da aka saƙa daga Ibrahim, a ƙarshenta ba jini ne ya ɗaura ta ba. Masu suka sun daɗe da ganin wannan, suna cewa in ba Yusufu ne ya haife shi ba, ina ruwansa da gadon Dawuda? Tambaya ce mai nauyi, kuma kunnen Bahaushe ya fi jin nauyinta, don a wurinmu agola agola ne, ɗan riƙo ba ya cin gado. Maƙwabtanmu Musulmi ma da sunan uwarsa suke kiransa, Isa ɗan Maryama. Amsar Matiyu tana cikin ayoyin da muke fara karatu da su. Mala'ika ya kira Yusufu da "ɗan Dawuda", ya ce kada ya ji tsoron ɗaukar matarsa, kuma shi ne zai raɗa wa yaron suna. Surar ta ƙare da cewa ya raɗa masa suna Yesu. Mutumin da ya tsaya gaban jama'a ya sa wa jariri suna ya ce wa duniya wannan nawa ne, kuma ta wannan ƙofa Yesu ya shiga gidan Dawuda. Ni a nan nake ganin ma'anar Almasihu ta Kirista ta fi fitowa fili. Ya shiga gidan sarauta ta hanyar karɓa, ta biyayyar wani talaka da ya haɗiye kunya. Bulus kuma ya ce mu ma ta hanyar karɓa muka zama 'ya'ya. Wanda ya shigo da mu gidan Ubansa a matsayin 'ya'yan riƙo masu cikakken gado, shi ma an taɓa riƙonsa.

Luka ya ɗauki wata hanya. Shi baya ya yi ta ja, ya wuce Dawuda, ya wuce Ibrahim, ya wuce Nuhu, sai da ya dire a kan Adamu, na Allah, sunaye 77 a ƙirgar da aka saba. Ya ajiye jerin tsakanin baftisma, inda murya daga sama ta ce kai ne Ɗana, da gwaji a jeji. Adamu na farko an gwada shi a lambu ya faɗi, ga wani ɗan Adamu za a gwada a hamada. In aka kai salsala ga Adamu kuwa, gardamar asali ta mutu, don ba wanda ba ya ciki.

Shi kansa Yesu bai riƙe takardar asalin nan yana kaɗawa ba. Waɗanda suka fi kiransa ɗan Dawuda a Matiyu su ne makafi a bakin hanya, da wata Bakan'aniya mai 'ya marar lafiya, da yara a Haikali. Da ya tashi yin magana a kai, tambaya ya jefa wa malamai daga Zabura 110: in Almasihu ɗan Dawuda ne, ƙaƙa Dawuda ya kira shi Ubangiji? Da aka ce masa ga uwarka da 'yan'uwanka a waje, ya nuna masu sauraronsa ya ce duk mai yin nufin Allah shi ne ɗan'uwansa. Yahaya Maibaftisma ya riga ya gaya wa masu taƙama da Ibrahim cewa Allah na iya tayar wa Ibrahim 'ya'ya daga duwatsun nan. Wasiƙa zuwa ga Titus kuma ta ce a guji gardama a kan salsala, ba ta da amfani.

To mu fa? Na san wani aure da aka fasa tsakanin yara biyu masu bi, 'yan ƙungiyar mawaƙa ɗaya, don an binciko cewa kakar yaron baiwa ce. Dattijon da ya kafe a kan haka yana cikin masu raba Jibin Ubangiji. Na ga zaɓen shugabannin ikilisiya da aka yi shi kamar na siyasa, ana raɗa wa juna a kunne wane ɗan ƙasa ne, wane baƙo. Na ga yarinyar da ta haihu a gida an hana ta zama a bencin gaba shekara da shekaru, wanda ya yi mata cikin kuwa yana nan yana karɓar baiko. Mu Hausawa masu bi mun fi kowa sanin ɗacin abin, don ta ko'ina ana tambayar asalinmu: can a ce mun bar gida, nan a ce anya kuwa. Da za a kawo wa kwamitin binciken aure na wasu majami'unmu salsalar Matiyu 1 an rufe sunan ƙarshe, ina tabbatar maka cewa za su yi a nemi wani gidan. Ina zargin ba wuyar sunaye kaɗai ke sa mu fara daga aya ta 18 ba.

Yusibiyus ya kawo wani labari daga Hegesifus, marubucin ƙarni na 2. A zamanin Domitiyan, wanda ya mulki Roma daga shekara ta 81 zuwa 96, an kai ƙarar jikokin Yahuza, ɗan'uwan Yesu, cewa su jinin Dawuda ne. Sarki ya sa aka kawo su, don gidan da ke da'awar sarauta abin tsoro ne. Ya tambaye su ko su zuriyar Dawuda ne, suka ce e. Ya tambayi dukiyarsu, suka ce 'yar gona ce da kimarta ta kai dinari 9,000 su biyu, ita suke nomawa su ci su biya haraji. Suka miƙa masa tafin hannuwansu ya ga kanta. Ya tambaye su mulkin Almasihu, suka ce ba na duniyar nan ba ne. Domitiyan ya dube su ya raina, ya ce a sake su su tafi. Suka koma gida, aka ce sun shugabanci ikilisiyoyi har zuwa zamanin sarkin Roma Tarajan.